Yadda Ruwan Tiga Ya Mayar da Kura da Bunkure Masaukin Tsuntsayen Hunturu

Wanda ya bi bakin kanal a Kadawa ko Bunkure da sassafe a watan Janairu, lokacin da hazo bai gama tashi ba, zai tarar da tsuntsaye iri biyu a gona ɗaya. Akwai na gida irin su balbela da zalɓe da kurciya, waɗanda kowane yaro ya san sunansu. Akwai kuma waɗansu ƙanana masu rawayan ciki da ke kaɗa jela tsakanin kunyoyin albasa, da masu dogayen ƙafafu da ke caccakar taɓo a fangalin da aka yi wa ban-ruwa jiya. Waɗannan na biyun 'yan cirani ne daga Turai da arewacin Asiya. Suna isowa wajen Satumba da Oktoba, su juya gida a Maris da Afrilu. Taruwarsu a wannan yanki ba tsohon abu ba ne, bai fi shekara hamsin da 'yan kai ba, kuma injiniyoyi ne suka jawo shi ba tare da sun nufa ba. A ganina tarihin waɗannan baƙi shi ne tarihin rabon ruwan kogin Kano, kuma wanda ya ƙirga su yana auna adalcin wannan rabo ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Kafin shekarun 1970, rani a ƙasar Kura rani ne kamar na ko'ina a Kano. Da an kai gero da dawa rumbu sai ƙasa ta bushe, magidanta su tafi cirani, ban da 'yan lambunan da ake shayarwa da jigo a bakin kogi. Ruwan damina kuwa yakan wuce gaba ɗaya: kogin Kano ya haɗu da Challawa su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya malala a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, ya kwanta watanni a fadamu. Can ne asalin masaukin tsuntsayen hunturu a arewacin Nijeriya, domin yana cikin manyan dausayin farko da mai fukafuki zai tarar bayan ya tsallake Sahara. Gwamnatin Audu Bako, wadda ta riƙe jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ita ta canja wannan tsari. An fara gwajin noman rani a Kadawa da ruwan dam ɗin Bagauda, sannan aka gina dam ɗin Tiga tsakanin 1971 da 1974, wanda aka tsara ya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Daga Tiga ruwan yana gangarowa da kansa ta Ruwan Kanya zuwa babban kanal, ya rabu gabas da yamma, ba tare da injin turawa ba. Kashin farko na shirin noman rani na kogin Kano an yi masa lissafin hekta 22,000 a yankin da yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma daga baya ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, noman hunturu ya ƙara ƙarfi. Ƙasar da ke zama fayau a Disamba ta koma kore shar da alkama da tumatir da albasa da masara, inda akwai danshi kuwa akwai ƙwari da tsutsa, inda akwai waɗannan akwai tsuntsu.

Sanin cewa waɗannan tsuntsaye daga nesa suke shi ma yana da nasa tarihin. A 1822 an harbo wani farin tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyansa, kuma har yau yana ajiye a jami'ar Rostok. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, dabarar da ta bazu duniya. A nan Kano, Bob Sharland ya yi shekaru yana wannan aiki. An kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya a 1964, kuma a 1981 Sharland da Roger Wilkinson na Jami'ar Bayero suka wallafa jerin tsuntsayen jihar Kano. Masanin nan Reginald Moreau ya ƙiyasta a littafinsa na 1972 cewa tsuntsaye biliyan 5 ne ke shigowa Afirka kowace shekara. Masu bincike na baya sun rage adadin sosai, amma ko da ragin, biliyoyi ake magana.

Mai karatu zai iya cewa to ai labarin ya yi daɗi: an gina dam, manomi ya samu, tsuntsu ma ya samu. Nan ne nake ganin ake yawan yin kuskure. Ruwan da ya kwanta a gonar Kura ruwa ne da bai isa Nguru ba. Bayan Tiga an kammala dam ɗin Challawa a Ƙaraye a 1992, kuma tsakanin madatsun nan biyu da farin da aka sha fama da shi a shekarun 1970 da 1980, malalar fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu ƙwarai. Abin da ya fi raguwar muni shi ne canjin lokaci. A da ruwa yakan zo da ƙarfi a damina ya janye a rani, ƙasa ta sha iska; yanzu ana sakin sa kaɗan-kaɗan duk shekara, abin da kacalla ke so ke nan, sai ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su. Gonar alkama tana iya ciyar da ƙaramin tsuntsu mai cin ƙwari, amma ba za ta maye wa agwagin daji, ko kirinjijiya da ɗinya, faffaɗan ruwa marar zurfi da suke kiwo a ciki ba. Gauraka ma, wadda a da ake ganin garkenta a fadamun arewa, yau da wuya a gan ta a daji. Wannan damuwa ce ta sa aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru a 1987, ta kawo Yarima Philip na Ingila Dagona a 1989, ta kuma sa tafkin Nguru da mashigar Marma suka shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000. Kuma batun bai tsaya ga tsuntsu ba: Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi a farkon shekarun 1990, suka nuna cewa in aka haɗa noma da su da itacen wuta, ruwan da ya malala a fadama yana haifar da amfani fiye da kwatankwacinsa da aka zuba a gonakin shirin kogin Kano, nesa ba kusa ba. Ban kawo wannan don a ce a rufe kanal ba. Shinkafar Kura da tumatirin Kwanar Gafan suna ciyar da dubban gidaje. Na kawo shi ne don a san cewa yawan tsuntsu a Bunkure ba hujja ba ce cewa komai lafiya a ƙasan kogi.

Akwai kuma ƙorafin manomi, kuma shi ya fi cancanta a saurara. Wanda ya sa 'ya'yansa suna kaɗa gwangwani tun asuba don korar tsuntsu daga alkamar da ta fara nono ba zai ji daɗin a ce masa ya tsaya kallon kyan fukafuki ba. Amma mai yi masa ɓarna jan-baki ne, ɗan Afirka ne haihuwa da girma, kuma kacallar da sakin ruwa ya yawaita ita ce makwancinsa. Yawancin baƙin hunturu ƙwari da tsutsa da farar gona suke ci. Waɗanda ke taɓa shinkafa a cikinsu galibi wadda ta zube bayan girbi suke tsinta. Idan aka yi feshin guba a makwancin jan-baki, ko aka zuba maganin ƙwari ba awo kamar yadda aka yi ta yi bayan annobar tsutsar tumatir ta 2016, ba a tambayar tsuntsu daga ina ya zo. Manomin da ya iya bambanta mai cin hatsinsa da mai cin ƙwarinsa ya rage wa kansa asara.

Saura masu cewa yawon kallon tsuntsu da madubin hangen nesa aikin Bature ne da ya ƙoshi. Bahaushe bai jira kowa ba kafin ya ɗauki zuwan shamuwa alamar kusatowar damina, sai dai bai rubuta ba. Amfanin rubutawar ya bayyana a 1969, lokacin da masu ƙirgar sa-kai a Birtaniya suka lura cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Da aka bi sawu sai aka gano farin Sahel ne ya kashe su a nan wajenmu, shekaru kafin yunwar 1973 ta cika jaridun duniya. Ruwa ba ya tsami banza, tsuntsu ma ba ya ɓacewa banza.

Kayan aikin ƙirgar suna nan. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke Jos tana horar da 'yan Nijeriya tun farkon shekarun 2000, ana kuma ƙirgar tsuntsayen ruwa a faɗin Afirka kowane Janairu tun 1991. An gyara kanal-kanal ɗin Kura da Bunkure ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2014, wato ruwan da ake ja zai ƙaru. Ya kamata hukumar kogunan da jami'o'in Kano da Wudil da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su sa ƙirgar tsuntsayen hunturu cikin aikinsu na shekara, a Kadawa da Nguru a mako ɗaya, su kuma ajiye sakamakon a kan teburin da ake yanke shawarar buɗe ƙofofin Tiga.