Tiyatar Rage Ƙiba

Tiyatar rage ƙiba aiki ne da likitocin fiɗa ke yi wa tumbin wanda ƙibarsa ta zama cuta, wato wanda ma'aunin nauyi bisa tsawo, da ake kira BMI, ya kai masa 40, ko 35 idan ciwon sukari ko hawan jini ya haɗu da ita. A yau ba kasafai ake tsaga ciki ba. Ƙananan ƙofofi ake hudawa, a hura iska domin cikin ya buɗe, sannan a zura siririyar kyamara da kayan aiki. Hanyar da ta fi yawa ita ce yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, a bar shi siriri kamar ayaba.

A yankin Sakkwato, mazauna Wurno, Rabah da Goronyo sukan nemi ƙwararrun likitoci ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kuma can ya dace su fara neman shawara kan wannan tiyata. Wahalar gaske bayan aikin take zuwa, domin makonnin farko sai abinci mai ruwa-ruwa, kamar kunu marar sukari cokali-cokali, malmalar tuwo guda kuwa ta fi ƙarfin sabon tumbin, ga shan bitamin B12 da maganin ƙarin jini tsawon rai.