Makin Fansho na Sojojin Ko-ta-kwana a Amurka ta Hanyar Aikin Sa Kai

A Amurka, da maki ake lissafin fanshon sojan ko-ta-kwana. Sai ya tara maki 50 a shekara kafin a ƙidaya masa ita, kuma sai ya cika irin waɗannan shekaru 20. Yawanci ana fara biyansa ne idan ya kai shekara 60. Kasancewa cikin rundunar kaɗai na ba shi maki 15, kowane zaman atisaye kuma maki ɗaya. Ragowar 35 ɗin ne ke wahalar da wanda ba shi da gurbi mai albashi, shi ya sa wasu ke komawa ga Civil Air Patrol, ƙungiyar 'yan sa kai da aka kafa a 1941, wadda ta zama mataimakiyar rundunar sojan sama a 1948. Sojan da aka tura can yana duba jirage da takardu, ya sa ido kan atisayen neman waɗanda suka ɓata da horar da matasa, a rubuta masa maki ko da ba albashi.

Masu suka na cewa wannan hanya ce ta samun fansho a ɓagas. Hujjarsu ba ta da ƙarfi, domin zama ɗan ƙungiyar kawai ba ya kawo ko maki ɗaya. Dole mutum ya kasance soja, kuma rundunarsa ce ta ba shi aikin. Bayan haka, ana raba jimillar makin da 360 wajen lissafi, don haka mai tara 50 a shekara ɗan abin da zai karɓa kaɗan ne, daidai gwargwadon aikinsa.