Garwa, Garin Bakin Binuwai

Wanda ya tashi daga Yola ya nufi gabas yana bin Binuwai, in ba don shingen jami'an iyaka ba, ba abin da zai gaya masa cewa ya bar Najeriya. Gonakin dawa iri ɗaya ne, shanun iri ɗaya, sallamar ma ita ce dai. Sai ya ga farashi da sefa da allunan hanya da Faransanci tukuna zai gane ya shiga Kamaru. A haka har ya isa Garwa, hedikwatar jihar Arewa, gari mai faffaɗan tituna da inuwar darbejiya, wanda zafinsa a watan Maris da Afrilu kan wuce digiri 40. Magidancin da ke neman inda zai kai iyalinsa hutu su buɗe ido, ba tare da ya yi nisa da masallaci ko tuwo ba, da wuya ya sami kamarsa.

Kafin Fulani su sauka, Bata da Fali ne ke zaune a wannan kwari da duwatsun da ke kewaye da shi. Da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sai sarautun Fulani suka yi ta kafuwa a ƙasar da suke kira Fombina, Garwa na cikinsu, ƙarƙashin Modibbo Haman Njundi. Lamidon Garwa yana bin Yola, wadda aka kafa a 1841, Yola kuma tana bin Sakkwato. A wancan zamani Garwa ba ta cikin manya. Rai Buba da Ngaundare da Tibati duk sun fi ta ƙarfi da yawan mayaƙa. Abin da take da shi kogi ne, da mashigi, da fatake. Hausawa da Barebari suka riƙa zuwa da tufafi da kanwa, suna wucewa kudu neman hauren giwa da goro, wasu suka sauke kaya ba su sake ɗauka ba. Sunayen unguwanni sun riƙe wannan labari har yau: Fulɓere ta Fulani, Hausare ta Hausawa, Kolere ta Barebari.

Turawa ne suka ɗaga darajar garin, ba don suna son sa ba. A Satumban 1901 Ingilishi suka ci Yola, Lamido Zubairu ya fice ya nufo gabas yana tara mayaƙa, sai ya tarar da Jamusawa a gabansa. An gwabza a kusa da Garwa a watan Nuwamba, aka sake haɗuwa a wajen Marwa a farkon 1902, duk ba a yi sa'a ba. Masarauta guda ta rabu biyu, fadar tana hannun Ingila, mafi yawan ƙasar tana hannun Jamus, Jamusawa kuma suna bukatar wurin da za su zauna su mulki rabonsu. Suka zaɓi Garwa, suka kewaye ta da ramuka da ganuwa. Ganuwar ta yi musu rana a ƙarshen Agustan 1914, lokacin da sojojin Ingila suka taso daga Najeriya suka sha kashi, har kwamandansu ya rasa ransa. Sai da suka dawo da manyan bindigogi tare da Faransawa kafin garin ya miƙa wuya ranar 10 ga Yuni, 1915. Daga nan ya koma hannun Faransa.

Shekaru da dama bayan haka tashar jirgin ruwa ce ke ciyar da Garwa. Ruwa ba ya ɗaukar manyan jirage sai 'yan makonni a tsakiyar damina, saboda haka aikin shekara guda a cikinsu ake yin sa: jirage su hauro tun daga bakin teku a Najeriya da gishiri da siminti da man fetur, su koma da auduga da gyaɗa kafin ruwa ya janye. Yaƙin basasar Najeriya ya datse hanyar, jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974, tashar ta yi sanyi. Audugar dai ba ta tafi ba. A Garwa kamfanin SODECOTON yake da hedikwata, kuma da rani za ka ga manyan motoci shaƙe da farin kaya suna shigowa daga ƙauyuka.

Ba a labarin Garwa a tsallake Ahmadu Ahijo. A nan aka haife shi a 1924, ya fara aiki a gidan waya, ya zama shugaban Kamaru na farko a 1960. Bai manta da gida ba. Filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa da titunan kwalta da gine-ginen gwamnati, yawancinsu na zamaninsa ne, har mutanen kudu suna ƙorafin an fifita garin. Ya sauka da kansa a Nuwamban 1982, ya ɓata da magajinsa Paul Biya, a 1983 aka raba arewa gida uku, Garwa ta tashi daga hedikwatar arewa baki ɗaya ta koma ta jiha guda. Ya rasu a Dakar a 1989, can kuma kabarinsa yake har yanzu. Baƙo mai hankali ba ya tayar da wannan zance a majalisa, sai in masu gida sun fara.

Mai son ganin garin a cikin kwalliyarsa, ya daidaita zuwansa da Sallah. Lamido kan fito zuwa Idi a ƙarƙashin laima, algaita da kakaki na tashi, dogarai na share hanya. Daga baya a yi abin da masu Faransanci ke kira fantaziya, wato sukuwar gaisuwa: mahaya su jeru, su saki linzami gaba ɗaya, su zo a guje kamar za su take jama'a, sai gab da gaban Lamido su ja birki, doki ya ɗaga ƙafafun gaba, ƙura ta turnuƙe, a ɗaga mashi sama, mata su rangaɗa guɗa. Yaron da ya taɓa ganin hawan Daushe ba zai bukaci mai fassara ba. Haka in ya ji ana kiran Galadima da Kaigama da Sarkin Fada, ko da yake da Fulatanci ake zaman fadar. Daga wannan gidan sarauta ne Isa Hayatu ya fito, wanda ya shugabanci ƙwallon ƙafar Afirka daga 1988 zuwa 2017.

Ƙwallon ma ta haɗa mu da su. A filin Rumde Ajiya na Garwa, a Janairun 2022, Najeriya ta doke Masar da Sudan da Gini Bisau, 'yan gari na goya mata baya kamar tasu, kafin Tunisiya ta yi waje da ita da ci ɗaya. A nan Coton Sport ke wasa, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008.

Da yamma a gangara bakin kogi wajen gada. Masunta na gyaran koma, masu wanki na shanya a kan rairayi, in an yi dace dorina ta ɓullo da kunnuwa da hanci ta fesa ruwa ta nutse. A riƙe hannun yara, kada a bar su su matsa. Cefane kuwa ba wuya, don Hausa na ci a babbar kasuwa, ko da yake 'yan kalmomin Fulatanci na sa a yi maka ragi. Akwai gasasshen kifi da barkono, da kilishi, da miyar yakuwa da suke kira folere, tsami-tsami, wadda ake ci da tuwon dawa. Ranar Lahadi kasuwar Pitowa ke ci, tafiya kaɗan daga gari, a gindin duwatsun Tingelin. Mai hali da kwanaki ya miƙa gandun dajin Binuwai ko Buba Njida da rani, lokacin da ciyawa ta kwanta, dabbobi suka taru a bakin ruwa. A 2012 mafarauta suka karkashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida, don haka kada a yi wa yara alkawarin ganin giwa.

Wurin da ya fi dacewa ɗan Najeriya ya gani da idonsa shi ne madatsar ruwa ta Lagdo, kimanin tafiyar awa guda daga Garwa. Sinawa ne suka gina madatsar, aka kammala a 1982. Ita ke ba arewacin Kamaru lantarki, tafkinta kuma ya tara masunta daga ko'ina, har da Hausawa. Daga kan madatsar ruwa ne kwance iya ganin ido, da tsibirai da kwale-kwale. Wannan ruwan ne in ya cika aka buɗe ƙofofi yake bi ta Yola da Makurɗi da Lakwaja, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022, mu yi ta zargin maƙwabta. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a ɓangarenmu, a jihar Adamawa, don ta tare shi, sama da shekara 40 ke nan ba a gama ta ba.