Asalin Ƙauracewa Nama da Yadda Ya Haɗu da Neman Sauke Teɓa

A ƙasarmu, inda ake auna karamcin mai gida da yawan tsokar da ya ɗora a kan tuwon baƙonsa, inda kuma idan mutum ya yi tumbi sai a ce daɗi ya ratsa shi, lalle abin mamaki ne a ji labarin wata jama'a a Turai da Amurka, waɗanda Allah ya hore musu abin sayen rago, amma suka zaɓi su bar nama da kifi da ƙwai da nono, kai har da zuma, wasunsu don tausayin dabba, wasu kuwa don kawai su sauke teɓa. Wanda ya bi diddigin al'amarin zai tarar waɗannan niyyoyi biyu ba tare suka taso ba, kowace da mafarinta da mutanenta, kuma sun daɗe ƙwarai suna tafiya kafin su gamu a kan akushi ɗaya.

Ɗalibin da ya yi nisa a lugga ba zai rasa jin sunan Abul Ala'il Ma'arri ba, makahon sha'irin nan na ƙasar Sham, wanda aka haifa a garin Ma'arratun Nu'uman a shekarar 973, agana ta tafi da ganinsa tun yana ɗan shekara huɗu. Bayan ya je Bagadaza ya komo, sai ya kulle kansa a gida, ya bar cin duk abin da ya fito daga jikin mai rai, yana ganin nono haƙƙin ɗan maraƙi ne, zuma kuwa wahalar ƙudan zuma ce, ba don ɗan Adam suka tara ta ba. A ƙarshen rayuwarsa babban mai da'awar Faɗimiyyawa da ke Misira, Mu'ayyad ɗan Shiraz, ya yi ta aiko masa da wasiƙu yana neman hujjarsa ta barin abin da Shari'a ta halatta. Tsohon ya amsa da ladabi da zurfin ciki, ya ambaci tausayi, ya kuma ambaci cewa abin da yake samu a shekara dinari ashirin da ɗoriya ne, wanda bai fi ƙarfin adas da ɓaure ba. Da aka yi masa tayin a wadata shi, sai ya ƙi karɓa. Malamai da yawa sun zarge shi a kan aƙidarsa, wannan kuwa mas'ala ce ta wani zauren. Abin da ya shafe mu shi ne ya rayu har 1057, ya haura shekara tamanin a kan wannan cima, kuma zuhudu ya kai shi gare ta, domin mutumin da ke rayuwa a kan adas ba shi da wata teɓar da zai nemi rabuwa da ita.

Mai teɓar sai a Ingila za a same shi, bayan ƙarni bakwai. Wani likita ne ɗan ƙasar Sikotilan, George Cheyne, wanda ya sauko Landan a farkon ƙarni na 18 yana neman marasa lafiya masu kuɗi, kuma da yake a zamanin nan a gidajen cin abinci da mashaya ake farautar irin waɗannan, sai ya zauna tare da su yana ci yana sha, har jikinsa ya kumbura, numfashi ya riƙa gagararsa. Da ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri, ya bar nama da giya, ya koma kan madara da hatsi da ganyaye, jiki ya sauka, lafiya ta samu. Da lafiya ta samu kuma sai ya koma gidan jiya, teɓar ta dawo da ribarta har ya kai kimanin kilo 200, ana ma ba da labarin cewa bara kan bi shi da kujera domin ya riƙa hutawa a hanya, sai da ya sake ɗaura ɗamara karo na biyu ya riƙe har ƙarshen ransa. A 1724 ya wallafa littafinsa a kan lafiya da tsawon rai, wanda aka yi ta bugawa ana sakewa, manyan mutane suka riƙa zuwa garin Bath neman shawararsa, har John Wesley, jagoran ɗariƙar Kiristocin Methodist, ya ɗauki wani abu daga koyarwarsa. Ya rasu a 1743. Ni dai a cikin duk mutanen wannan tarihi shi ya fi ba ni tausayi, saboda bai ɓoye faɗuwarsa ba, ya rubuta ta da hannunsa, alhali likitoci ba su saba tona asirin kansu ba.

Kada a ɗauka daga nan masu ƙiba suka rungumi ganye. A 1863 wani mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, William Banting, ya buga wata 'yar risala yana cewa shi nama ne ya rame da shi: ya bar burodi da sukari da dankali da madara da giya, ya riƙe nama da kifi, ya sauke wajen kilo 21 cikin shekara guda, risalar ta watsu har sunansa ya zama kalmar da ake kiran rage ƙiba da ita. Tun daga ran nan saɓani ya kafu tsakanin mazhabar Cheyne da ta Banting, kowace tana kawo shaidunta da suka rame, ba a kuwa rufe muhawarar ba har yau.

Su kuma masu tausayin dabba suna can suna bin tasu hanyar. A 1847 suka kafa ƙungiyarsu ta masu barin nama a garin Ramsgate, amma suka bar wa kansu rukusar nono da cuku da ƙwai, har sai da wani malamin koyar da sassaƙa a Leicester, Donald Watson, wanda tun yana yaro ya ga ana yanka alade a gonar kawunsa abin bai bar zuciyarsa ba, ya ce wannan rukusa ba ta da madafa, tun da saniyar tatsa da kazar ƙwai su ma a mahauta suke ƙarewa. A watan Nuwamba na 1944 shi da 'yan abokansa suka ware, suka ɗebo haruffa uku na farkon kalmar vegetarian da ke cikin sunan tsohuwar ƙungiyar da biyu na ƙarshenta suka ƙera kalmar vegan, suka fitar da 'yar jarida mai masu karatu 25. Dubi lokacin da suka zaɓa: ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, abinci da kati ake rabonsa, hukuma tana ba masu barin nama ƙarin cuku a madadin rabonsu na nama, cukun da shi ne ainihin abin da waɗannan suka rantse ba za su taɓa ba. Ala tilas suka koma madafa suna gwaji da gyaɗa da wake da busassun 'ya'yan itace, har wata Fay Henderson ta tara musu littafin girke-girke a 1946. Wasu daga cikin na farkon sun sha fama da kasala da ƙarancin jini, domin sinadarin bitamin B12, wanda tsiro ba ya bayar da shi ta yadda za a dogara, sai a 1948 masana suka tace shi. Shi ya sa mabiyansu na yau ba sa rabuwa da ƙwayarsa. Watson kansa ya kai shekara 95, ya rasu a 2005.

Gamuwar hanyoyin biyu a asibiti aka fara ta. Tun 1939 wani likita da ya gudo daga Jamus, Walter Kempner, yana ɗora masu ciwon ƙoda da hawan jini a jami'ar Duke ta Amurka a kan shinkafa da 'ya'yan itace da sukari, gishiri kuwa kamar babu. Da aka lura majinyatansa suna ramewa, sai garin Durham, inda jami'ar take, ya cika da masu ƙiba daga ko'ina. Likitoci na baya suka yi ta ƙari a kan wannan, har zuwa 2014 da aka ƙirƙiro a Ingila al'adar Veganuary, wato mutum ya gwada barin kayan dabba tsawon watan Janairu kaɗai, watan da Turawa kan wayi gari suna nadamar israfin da suka yi a bukin Kirsimeti.

Dalilin da ya sa irin wannan cima take rage teɓa ba ɓoyayye ba ne: ganye da wake da hatsin da ba a surfe ba suna cika ciki da hanzari, suna daɗewa ba su narke ba, alhali ƙarfin da ke cikinsu kaɗan ne, kitse kuwa kowane giram nasa yana ɗauke da kalori 9, fiye da ninki biyu na sitaci mai 4. To amma sukari ma tsiro ne, man gyaɗa ma haka, wannan kuwa mu ne ya kamata mu fi kowa saninsa, mu da kakanninmu suka rayu a kan tuwon dawa da miyar kuka da daddawa, da kwaɗon zogale da rama da ɗanwake, ba don sun ji labarin Watson ba, sai don nama na ranar Salla ne da ranar suna. Abin nan da Baturen Landan yake saye da tsada a kanti da sunan tofu, wanda asalinsa na ƙasar Sin ne, shi ne awarar waken suya da 'yan mata ke tallarta a bakin makarantunmu. Bambancin kawai shi ne tamu sai an tsoma ta a tafasasshen mai ta sha ta ƙoshi, a barbaɗa mata yaji, wani lokaci ma a turbuɗa ta a ruwan ƙwai kafin a soya, ta yadda da Ma'arri da Cheyne za su taso yau a miƙa musu ita a leda, ɗaya zai ƙi ta saboda kaza, ɗayan saboda kaskon suya.