Gasasshen kabejin Brussels: abin da ke cikinsa da abin da zai maye gurbin naman alade

A ƙarshen kowace shekara, iyalai da dama a Birtaniya da Amurka kan ajiye wani kwano a gefen babban abincin biki, cike da wasu 'yan dunƙulen ganye masu kama da kabeji, waɗanda girmansu bai wuce na goro ba, an gasa su tare da gutsattsarin nama.

Ganyen shi ne kabejin Brussels. Naman kuwa, a mafi yawan lokuta, na alade ne da aka jiƙa da gishiri aka kuma yi masa hayaƙi, wanda Turawan Ingila ke kira bacon.

Wannan ne ya sa abincin ya zama abin lura ga Musulmin da ke karatu ko aiki a ƙasashen Turai, domin a ido ganye ne kawai.

Asalin ganyen

Ganyen ya samo sunansa ne daga Brussels, babban birnin Beljiyam, kuma tun ƙarni na 16 ake noma shi a wannan yanki. A yau Holand da Birtaniya na cikin manyan masu noma shi a Turai.

A wurin masana tsirrai, shi da kabejin da aka sani a ƙasar Hausa jinsi ɗaya ne. Bambancin shi ne kabeji kan yi kai guda babba, shi kuwa na Brussels kara yake yi mai tsawon da kan kai mita ɗaya, 'yan ƙananan kawuna su jeru a jikinsa daga ƙasa har sama.

Shuka ce mai son sanyi. Ta fi yin kyau a yanayin da bai wuce digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas ba, tana kuma buƙatar wata uku zuwa shida kafin a girbe ta. A Katsina, inda hunturu gajere ne kuma zafin watan Afrilu kan kusanci digiri 40, da wuya ta samu abin da take so.

Me ya sa ake sa naman?

Kabejin Brussels yana da ɗaci, kuma ɗacin na fitowa ne daga wasu sinadarai masu ɗauke da farar wuta. Idan aka daɗe ana tafasa shi a ruwa, sinadaran kan saki wani wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai. Daga nan ne ya yi baƙin jini a wurin yaran Turawa shekaru da yawa.

A shekarun 1990 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Holand, Hans van Doorn, ya gano sinadaran da suka fi kawo ɗacin, abin da ya ba kamfanonin iri damar samar da nau'o'in da suka fi sauƙin ci. Masu dafa abinci kuma suka koma gasa shi maimakon tafasawa.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Ana raba kowane ƙwaro biyu, a shafa mai da gishiri, a kifa ɓangaren da aka yanka a kan faranti, a sa a tanderu mai zafin digiri 200 zuwa 220 na tsawon minti 20 zuwa 30. Zafin kan ƙafar da ruwan da ke jikin ganyen, ya sa sukarin cikinsa ya soyu, gefensa ya yi ja.

Aikin naman a nan uku ne: kitsensa ya narke ya shiga ganyen, gishirinsa ya danne ɗaci, hayaƙinsa ya ba da ƙamshi. Babu ko ɗaya daga cikin ukun da sai alade ne zai bayar.

Matsayinsa ga Musulmi

Haramcin naman alade ya zo a fili a cikin Alƙur'ani, ciki har da aya ta 173 a Suratul Baƙara. Tsince naman a ture shi gefe ba ya warware matsalar, tunda a cikin kitsensa aka gasa ganyen.

Ba koyaushe ake rubuta bacon a takardar jerin abinci ba. A gidajen abincin Italiya za a ga pancetta, a na Faransa lardons, a na Jamus Speck, kuma dukkansu alade ne. Akwai irinsa da ake yi da naman saniya ko na talo-talo, amma shi ma sai an duba tambarin halal saboda batun yanka.

Kabeji a Katsina

Ɗan uwansa babba ba baƙo ba ne a Katsina, ko da yake sunansa ma ya nuna daga bakin Bature aka aro shi. Ta Ƙofar 'Yandaka ce, wadda hanyar Batsari ta fita ta cikinta, Lugard ya shiga birnin a shekarar 1903. Yau a wannan unguwa, kamar sauran unguwannin garin, da wuya mai tsire ya naɗe wa mutum nama da yamma bai yanka masa kabeji da albasa a kai ba.

Masu noman rani a lambunan Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da kuma gefen madatsar ruwa ta Ajiwa kan cika kasuwa da shi a lokacin hunturu. Sai dai kusan koyaushe ɗanye ake cinsa, ko a kwaɗo, ko a watsa shi a kan dafa-duka da taliya. Gasa shi bai zama al'ada ba, alhali gashin na da wani amfani ban da ɗanɗano: wasu lambunan cikin gari da ruwan kwata ake ba su, kuma wuta na kashe ƙwayoyin cutar da wanki kaɗai kan bari.

Wanda ba shi da tanderu, gawayi da wayar gasa nama ko kaskon ƙarfe mai kauri sun isa. A wanke kabejin, a yanka shi gida shida ko takwas ba tare da an cire gindinsa ba, don kada ganyen ya tarwatse. A bar shi ya tsane sosai, domin jiƙaƙƙen ganye turara yake yi, ba ya gasuwa. A shafa man gyaɗa, a gasa kowane gefe har sai ya yi ja, kuma kada a cunkusa shi wuri guda.

Mutane da yawa za su fara tunanin kilishi a matsayin madadin naman, amma tozo ne ya fi kusa. Kilishi yana da gishiri da ƙamshin wuta, sai dai ba shi da kitse, kuma labun da ke jikinsa saurin ƙonewa yake yi. Don haka a yayyanka tozo ko kitsen rago ƙanana, a soya shi ya saki mai, a gasa kabejin a ciki, sannan a marmasa kilishi a kai bayan an sauke, a matsa lemon tsami. Bakin da ya saba da gauta da shuwaka ba zai ma ji ɗacin da Turawa ke gudu ba.

Batun lafiya

Giram 100 na ɗanyen kabejin Brussels na ɗauke da kusan miligiram 85 na bitamin C, fiye da ninki biyu na kabejin da aka saba. Duka biyun suna da bitamin K, kuma likitoci kan shawarci masu shan maganin hana daskarewar jini na warfarin da kada su sauya yawan ganyen da suke ci kwatsam.

Shi kuwa naman, a shekarar 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke haddasa cutar, inda ta ce cin giram 50 a kullum na ƙara haɗarin kamuwa da dajin hanji da kashi 18 cikin 100. Misalan da cibiyar ta bayar ba su tsaya kan alade ba, sun haɗa da busasshen naman saniya mai gishiri, wanda kilishi ɗan uwansa ne.