Haƙori da Nono: Yadda Iyayenmu Suka Bi da Cizon Goyo

A ƙasar Hausa ta dā, cizon nono bai taɓa zama dalilin yaye ba. Yaye yana da ranarsa, kuma ba uwar goyo ke sa ta ba. Manya ke sawa, su kuwa suna duban aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu cur ga mai son cika shayarwa. Haƙorin farko kan ɓullo wajen wata shida, a dasashin ƙasa, ka ga ke nan mace za ta yi fiye da shekara guda tana shayar da mai haƙora. Kafin a yaye shi bakin ya kusa cika, tunda haƙoran yarinta ashirin ne, kuma sukan kammala kafin ya cika shekara uku.

Wannan tsari ya daɗe. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, ta bayyana goyon shekara biyu da nisantar miji a matsayin abin da kowa ya sani tun tasowarta, kafin zuwan Turawa. Babban abin tsoro shi ne kwanika. Wadda ta yi ciki da goyo a bayanta ta shiga bakin kishiyoyi, in yaron ya rame a ce ya sha ciki. Saboda haka ba mai gaggawar cire yaro don ya ɗan gartsa mata haƙori.

To, me ake yi wa mai cizon? A gidanmu, cikin birnin Zariya, ƙanwar kakanmu da muke kira Gwaggo ita ce alƙaliyar wannan shari'a. In ta ji matar gida ta ƙwalla ƙara daga ɗaki, ba ta tambayar me ya faru. "Kada ki fizge, 'yar nan," abin da take cewa ke nan, "ki matso shi jikinki." Da hancinsa ya nutse a nono sai ya buɗe baki neman numfashi, ya saki. In ya ƙi, a zura ƙaramin yatsa ta gefen baki, a sauke shi a tabarma, a ɗaure masa fuska na ɗan lokaci. Tana kuma cewa yaro mai yunwa ba ya cizo, sai wanda ya ƙoshi ya koma wasa. Ma'aikatan asibiti na yau sun yarda da ita: yayin da jariri ke zuƙa, harshensa na kan haƙoran ƙasa, in ya ce zai ciza kansa zai fara ciza. Uwa mai lura takan ga lokacin da haɗiya ta tsaya, ta zare shi tun bai far mata ba.

Akwai masu ɗalle wa yaro baki, kuma har yanzu ana yi. Ni dai ban ga amfaninsa ba. Wani yaron dariya ma yake yi ya ƙara, wani kuma ya tsorata ya ƙi nonon kwana da kwanaki.

Ƙaiƙayin dasashi kuwa, layar da ke wuyansa ita ke shan wahala. Malam ya rubuta, baduku ya ɗinke ta da fata, yaro ya wuni yana gwaguya har ta yi baƙi da yawu. An rataya ta don tsari, ta koma abin sosa baki.

Ɗaci na ranar yaye ne kawai. A shafa wa nono madaci ko garafuni, a karɓo rubutun dangana, a goya yaro a kai shi gidan kaka, ya yi kukansa can inda uwar ba ta ji, a dama masa kunu. Har a nan ma wasu gidaje sukan rage wa namiji 'yan watanni, wai daɗewa a nono na sa shi dolanci.

Inda al'adar ta cuce mu shi ne kalmar nan "haƙori ne". Zawo haƙori ne, zazzaɓi haƙori ne, amai ma haƙori ne. Alhali wata shida shi ne lokacin da yaro ke fara zama da rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, ana fara ba shi koko da ruwan randa, kariyar da ya samo daga jikin uwarsa kuma tana raguwa. Ciwon gaske ke kama shi, haƙori ya ɗauki laifi. Ba mu kaɗai ba ne. A Ingila ta ƙarni na 19 ana rubuta fitar haƙori cikin dalilan mutuwar yara, likitoci na tsaga dasashi, ana sayar da garin magani mai sinadarin makuri, wanda bai bar kasuwa ba sai a shekarun 1950.

Mu kuma da laya ta fara ja baya, kwalbar kemis ta maye gurbinta, imanin bai canza ba. A ƙarshen 2008 aka fara kai yara asibitoci, har da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ƙodarsu ta daina aiki, fitsari ya tsaya. Aka gano ruwan maganin haƙori ne mai suna My Pikin, wanda aka haɗa a Legas da gurɓataccen sinadari mai guba. Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin, yara 84 suka rasu, a 2013 kuma kotun tarayya ta ɗaure ma'aikatansa biyu shekara bakwai-bakwai. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba, abin da suka gada ya ce musu haƙori cuta ce mai neman magani.

Ki riƙe dabarar Gwaggo wajen cizo, ki ci gaba da shayarwa har wa'adi ya cika. Amma ranar da jikin yaro ya yi zafi rau, ko zawo ya ƙi tsayawa, ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari ki nufi asibiti, ko da duk tsofaffin gidan sun ce haƙori ne.