Yadda Akidar Mulkin Shekara Dubu ta Iso Ƙasar Fika

A babi na 20 na Ru'ya ta Yohanna, littafin ƙarshe a Littafi Mai Tsarki, an ambaci shekara dubu har sau shida. Za a ɗaure Shaiɗan, in ji babin, Almasihu ya yi sarauta tare da bayinsa tsawon waɗannan shekaru, sannan a yi shari'ar ƙarshe. A kan wannan babi aka gina akidar cewa Yesu zai dawo ya kafa mulki a nan doron ƙasa kafin a shiga zaman har abada.

Malaman ƙarni na 2, irin su Jastin Shahidi da Iraniyus na Liyon, sun ɗauki maganar a zahirinta. Ba abin mamaki ba ne, domin wanda Rumawa ke tsanantawa dole ya yi kwaɗayin ganin adalci da idonsa. Da daular Rum ta rungumi Kiristanci sai zumuɗin ya lafa. Agustin, limamin Hippo a Aljeriya ta yau, ya fassara shekara dubun da zamanin ikkilisiya kanta, kuma ra'ayinsa ya rinjayi Turai fiye da ƙarni goma.

A ƙarni na 19 tsohuwar fahimtar ta farfaɗo a Ingila da Amurka. John Nelson Darby ya yi mata tsari, ya ƙara da batun fyaucewa, wato ɗauke masu bi kafin babban tsanani, sannan Baibul mai sharhin Scofield na 1909 ya kai ta gida-gida. Masu wannan ra'ayi sun haɗa shi da ayar Matiyu 24:14, wadda ta ɗora zuwan ƙarshe a kan isar bishara ga dukan al'ummai. Abin da ya sa su gaggawa ke nan. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga yankin da a lokacin ake kira Sudan, wanda ya haɗa da Arewacin Najeriya. Biyun farko sun mutu a 1894, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya rayu ya gina mishan ɗin SIM, wanda daga baya ya buɗe tasha a Kukar Gadu a ƙasar Fika, kusa da Potiskum. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ikkilisiyoyin SIM kuma suka zama ECWA a 1954, suka gaji koyarwar.

A ganina, 'yan mishan ba su tarar da kunnuwan da batun ƙarshen zamani ya zame wa baƙo ba. Musulmin yankin sun daɗe suna jiran Mahadi da saukowar Annabi Isa. A Dumbulwa, cikin masarautar Fika, Shehu Sa'idu ɗan Hayatu ya tara mabiya Mahadiyya har Turawa suka tsorata, suka kama shi a 1923, suka kai shi Kamaru. Akidun biyu sun sha bamban, amma Turawan mulki sun ji tsoron Mahadiyya sun kau da kai daga ta 'yan mishan.

Har yau ba duk Kiristocin Yobe, jihar da Fika take, ne suka yarda da akidar mulkin shekara dubu ba. Cocin Katolika na nan kan fassarar Agustin, kuma tun 1944 fadar Fafaroma ta ce ba a amince a koyar da mulkin shekara dubu na zahiri ba.